Baba Sannu, Wanda Ya Hana Injina Zabura

Kafin kowa ya iso masana'antar niƙan hatsin da muke aiki, Baba Sannu ya riga ya zaga ɗakin wuta. Yakan buɗe akwatunan ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora bayan hannu ya ji zafinsu, ya kakkaɓe garin da ya toshe mashigar iska, ya ɗaure duk wayar da ta yi sako-sako. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Ni ne mai kula da sito, ƙofata na kallon tasa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Sunan nan da hawaye ya same shi. A da, injinan da ke jan bel ɗin ɗaukar buhuna, da an danna maɓalli sai su zabura da dukkan ƙarfinsu. Wata safiya ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana gyara buhun da ya karkace, wani ya danna. Bel ya fizgi hannun rigarsa, ya cusa shi ƙarƙashin ƙarfen da ke juyawa. Kafin a kashe wuta rai ya yi halinsa. Baba ne ya kwance ƙarafan ya zaro shi, ya kuma kwashi marayu uku ya haɗa da nasa 'ya'yan.

Mun ɗauka zai bar aikin, amma sai ya shiga neman magani. Ya ji labarin na'urar da ake kira inbata, wadda ke shiga tsakanin wuta da inji, ta tashe shi a hankali, ta rage masa gudu ko ta ƙara. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya duƙufa kan littafinta har ya gane kanta. Shekara biyu yana naci kafin masu kamfani su saya. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ku bar inji ya tashi sannu." Daga nan sunan ya bi shi.

Ba ya zaɓar inbata da ka. Sai ya goge ɗan allon bayanin da ke manne a jikin inji ya karanta yawan wutar da yake ja, ya tambayi nauyin da zai ɗauka, ya auna tsawon waya, ya duba ko akwatin na shan iska. In ya kashe ta kuwa, sai ya naɗe hannu minti goma kafin ya taɓa ta. Mukan tsokane shi cewa gyangyaɗi yake yi, ya ce, "Wutar tana nan kwance a cikinta. Mai gaggawa ya zo ya gaishe ta."

Wata shekara sabon manaja ya kawo wata ƙarama mai araha, ya ce a ɗaura wa babban injin niƙa. A gabana aka yi.

Baba ya juya ta, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba za ta ɗauke shi ba. Zafi zai cinye ta."

"Baba, ni na yi karatun injiniya ko kai?"

"Kai ne, yallaɓai. Amma hannuna ba zai ɗaura ta ba."

Aka dakatar da shi wata guda, aka ɗauko wani daga waje ya ɗaura. Da ta dame su da yanke wuta in ta yi zafi, sai mutumin ya cire abin da ke sa ta yankewa. Ran kwana tara, da rana tsaka, akwatin ya kama da wuta, ƙurar gari ta ɗauka. Matar da ke ɗinke bakin buhu a jikin bangon ɗakin wutar ita ta fi ƙonewa. Ta rayu, amma har yau yatsunta ba sa lanƙwasuwa.

Aka aika wa Baba ya dawo, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Asibiti ya fara zuwa. Matar ta dube shi ta cikin bandeji ta ce, "Baba, da kana nan..." Ya sha gaya mini cewa laifinsa ne da ya tafi gida shiru, bai tara mu ya faɗa mana abin da ke tafe ba. Tun daga ranar, shekara goma sha huɗu, ko farce ba wanda ya rasa a wurin nan.

Ƙarshen makon nan zai ajiye aiki. Ƙarar injina ta cinye masa kunnen dama, gari ya zauna masa a ƙirji, hannunsa ya fara rawa. Takardar sallamarsa layi biyu ce. Na tambaye shi me zai yi a gida, sai ya ce, "Ka gaya wa wanda zai gaje ni, fankar akwati na huɗu ta fara kuka."

Baba Sannu, kai ne katangar da ke tsakaninmu da wuta. Kai ne ka ɗauki gawar ɗan'uwanka don kada wani ya ɗauki ta nasa. Mutanen da ka tsirar ba su san kansu ba, domin abin bai kai ga faruwa ba. A madadinsu, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya.

Ku kuma masu sana'ar wuta, in an miƙo muku abin da kuka san zai halaka mutum, ku ajiye shi, ku faɗa kowa ya ji. Wanda kuma ya haɗu da dattijon nan a hanya, kada ya wuce. Ya zaga ta kunnensa na hagu, ya ɗaga murya, ya gode masa tun yana iya ji.