Teburin Baba Sale da Turancin Hajara

Jiya na je unguwar Briqueterie karɓar ɗinkina, na tarar da Baba Sale tela a durƙushe kan tabarma yana yankan shadda, ga ƙaton teburinsa a gefe.

Da na leƙa, ashe teburin cike yake da rubutun allin ɗinki. Dogayen kalmomin Turanci ne, irin masu karya harshe.

Rubutun 'yarsa Hajara ne. Aikin jinya take karantawa a Bamenda, rikicin da ake yi a can ya sa aka rufe makarantarsu, ta dawo gida. Wata makaranta a ƙasar waje za ta ɗauke ta in ta ci jarrabawar Turanci. Ta faɗi sau ɗaya, ranar Asabar za ta sake.

Kullum da safe takan rubuta kalma ashirin, da la'asar ta juya wa teburin baya ta biya masa su da ma'anarsu. Sai ta kawo duka yake yarda a goge, kamar wankin allo.

Na ce, "Baba, kai da ko Faransanci sai na ciniki, ya kake gane ta yi daidai?"

Ya yi dariya. "Ɗana, ba na jin Turanci, amma na san muryar wanda bai haddace ba. Da ta fara inda-inda sai in ce koma."

"To gwiwoyinka fa?"

"Su ma su jira Asabar."

Ni da digirina ban taɓa zama na saurari karatun 'ya'yana haka ba. Ku sa Hajara a addu'a. Ku fa, wa ya taɓa sauka ƙasa ya bar muku teburinsa?