Lomar da ta faɗa cikin miya

Ko da zan manta da duk garuruwan da na taka a duniya, ba na jin zan manta da watannin da na yi ina koyon cin tuwo da hannuna, ni da furfurata.

Santsi ne ya kwashe ni a Kasuwar Sabon Gari, bayan an ɗauke ruwan sama. Na dafa ƙasa da hannun dama, na ji ƙas a wuyan hannu. A asibiti aka gyara ƙashin, aka ɗaure shi sati shida. Ranar da aka kwance sai na ga hannun ya rame, yatsun sun sandare, ko carbi ba na iya ja. Likitar gashin ƙashi, wata yarinya sa'ar autata, ta dube ni ta ce, "Baba, ƙashi ya haɗe. Sauran aikin naka ne, a gida za ka yi shi." Ta nuna mini yadda zan riƙa tsoma hannun a ruwan ɗumi, in taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, in matse tsumma, safe da yamma.

A layinmu na Fagge muna da ciyayya. Bayan sallar Magariba kowane magidanci ake fito masa da kwanonsa, mu haɗu a tabarma ɗaya a ƙofar gidan wani abokina, mu sa hannu tare. Shi Bayarabe ne, amma a Fagge aka yanke cibiyarsa, kuma duk rayuwarsa kayan keke ya sayar a Sabon Gari. Ni kuwa iyayena daga Gobir suka zo, don haka akwai wasa tsakaninmu. Ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai "bawana", ni ma haka nake kiransa. Fiye da shekara talatin hannuna da nasa suna karo a kwano ɗaya.

To, wannan tabarmar ce na ƙaurace wa. Na ci abinci a Dakar da Khartum da Jidda, na ga ko'ina dama ce take shiga kwano. Na kuma zauna a teburin Turawa na riƙe cokali mai yatsu da hagu, ban ji komai ba. Amma in zauna a ƙofar gida cikin sa'o'ina, in zura hagu a kwanon da kowa yake ci, ko in riƙe cokali da ita kamar yaron goye, wannan zuciyata ta ƙi. Na ce sai hannun ya koma yadda yake zan fita. Sai in zauna a zaure ni kaɗai da cokalina, ina jiyo ƙarar murafen kwanuka da dariyarsu ta taga. Har ƙamshin miyar gidansa nakan gane. Wallahi abincin ba ya wuce mini.

Wata La'asar abokin nawa ya yi sallama ya shigo. Ya zauna yana kallona ina matsar tsumma.

"Bagobiri ya koma wankau," in ji shi. "Nawa kake wanke babbar riga?"

Na ce, "Kawo taka, ai ta daɗe ba ta ga ruwa ba."

Muka yi dariya. Can ya ce 'ya'yansa sun matsa sai sun ɗauke shi zuwa Ibadan, inda suke aiki, tunda tsufa ya kama shi kuma babu mai kula da shi sosai a nan. Ƙarshen wata za su zo da mota.

"Ni da Yarabancina ma na Fagge ne," ya ce. "Kai da ka koya a yawon duniya ka fi ni iyawa. Can dariya za su yi mini. Ka fito mu ci tuwo, bawana. Kwanaki ne suka rage."

Na ce masa ina nan fitowa, hannun ne saura kaɗan. Ƙarya nake yi, a lokacin ko yatsa na tsakiya ban kai ga taɓawa ba.

Daga ranar na kama motsa hannun kamar wanda ake kora. Hajiya, mai ɗakina, ita ta ga tsumma ba zai kai ni inda nake so ba. Ta fara ajiye mini ragowar tuwon jiya da ya yi tauri. "Tunda loma kake nema, Alhaji, ka koyi loma," in ji ta. Sai in tsoma hannu a ruwan ɗumi, in gutsuro tuwon, in yi ƙoƙarin mulmula shi a tafi, in danna babban yatsa ya yi ɗan rami. Abin da nake yi tun ina shekara uku ba tare da na duba ba, ga shi ina yinsa da gumi, wani lokacin da hawaye. Zafin yakan tashi daga wuyan hannu har kafaɗa. Da na koma wurin likitar na gaya mata, dariya ta yi ta ce dabarar Hajiya ta yi, amma in bi a hankali, jijiya ba ta san sauri ba. Ni kuwa saurin nake yi, har hannun ya kumbura na yi asarar kwana uku.

Ranar jajibirin tafiyar abokina ta zo, loma ɗaya cikin biyar ce take tsaya mini. Na idar da Magariba na nufi gida kamar kullum, har na sa ƙafa a zaure. Sai na ji muryarsa yana cewa a matso da kwano. Ban san lokacin da na juya ba.

Aka matsa mini a gefensa. Amala ce, tuwon garin doya na Yarabawa, da miyar ayoyo aka fito da ita daga gidansa, abinci mafi santsi da Allah Ya yi. Na yi bisimilla, na gutsuro, na mulmula iya ƙarfina. Ina ɗagowa lomar ta suɓuce ta faɗa cikin miya, ta fantsalo masa a gaban riga. Na ji kamar in nutse.

Sai ya fashe da dariya. "Wata biyu da rabi yana shiri, ashe wanka zai yi mini!" Sannan ya ɗago nasa hannun saitin fuskata. Rawa yake yi, kar-kar-kar. "Dube shi da kyau. Shekara biyu ke nan ina zubar da rabin lomata a tabarmar nan. Waye ya kore ni? Kai kanka ka taɓa lura?"

Ban taɓa ba. Ya tsamo lomar da ta faɗa, ya ɗora mini a tafi. Haka muka ci, nasa hannun yana rawa, nawa yana kakkarwa, miya har gwiwar hannu, muna zagin kakannin juna har aka kira Isha'i.

Washegari da hantsi motar ta tashi. Bai cika shekara a can ba aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Hannun ya warke sarai bayan wata uku, yanzu har buhu nakan ja da shi. Amma ba warkewar nake tunawa ba. Maraicen nan nake tunawa, na kwana sama da saba'in, da yake zaune taku ashirin daga zaurena, ya bar mini gurbi a tabarma, ni kuwa ina ciki ina jiran in cika mutum kafin a gan ni. Abin da na koya shi ne, jiki yana iya jira a gyara shi a hankali, amma mutane ba su da wannan lokacin. In ka samu rauni, ka fita da shi haka nan wurin waɗanda suke jiranka, tun suna nan.