Rigar da Maigandi Ya Farke a Filin Jirgi

An haifi Maigandi a shekarar da Nasara suka shigo Sakkwato, don haka bai taɓa shan wahalar ƙirga shekarunsa ba. Ubansa maɗinki ne, kakansa ma haka. Ya buɗe ido ya ga allura soke a hular mahaifinsa, da ya girma allurar ta koma tasa hular. Rumfarsa tana bakin kasuwa, gindin wani tsohon durumi: tabarma ɗaya, almakashi ɗaya, sai ƙwarya cike da zare.

Akwai waɗanda suka fi shi iya ɗinkin ado irin su aska takwas, shi ma bai musa ba. Abin da ya gagari kowa a hannunsa shi ne tufafin tafiya. In ka zo masa da yadi, ba ya fara gwada ka. Sai ya ajiye allura ya dube ka ya ce, "Ina za ka, kuma bisa mi?" Mai hawa jaki zuwa Ƙonni wandonsa daban, da shafi biyu inda ake zama. Fataken shanu masu gangarawa kudu yakan ɓoye musu aljihu a ƙarƙashin hammata. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, wani ya dawo da farar riga ta koma launin toka, tun daga ranar Maigandi ya daina yanka fari ga mai shiga jirgi. Duk wanda ya dawo sai ya zaunar da shi ya tambaye shi inda rigar ta matse da inda ta yage, kamar mai tambayar lafiyar ɗansa da ke baƙon gari.

Shi kansa kuwa bai taɓa wuce Wurno ba. Matarsa Tasalla takan ce masa, "Rigunanka sun ga Ikko, sun ga Gwanja, kai ko Gusau ba ka sani ba." Sai ya yi murmushi ya ce ai in ɗinki ya tafi, mai ɗinki ya tafi. Haka ya yi shekara arba'in da 'yan kai, yana sallah a masallacin unguwa, yana cin tuwon gero da miyar kuka, ransa a kwance kamar ruwan randa.

Amininsa tun ƙuruciya shi ne Malam Siddiƙu, mai karantar da manya a zaurensa. Mahaifin Malam ya bar wani littafi na salati da ya kwafa da hannunsa, shekara uku yana rubutawa, da niyyar ya karanta shi a Madina. Ajali ya riga shi. Da zai cika ya damƙa wa ɗansa littafin cikin gafakarsa ta jan fata, ya ce, "In ƙafata ba ta kai ba, hannuna ya kai." Malam ya riƙe wannan magana shekara ashirin, ga shi gwiwa ta hana shi doguwar tafiyar ƙasa. Bayan babban yaƙi ya ƙare, jiragen sama suka fara ɗaukar mutane, sai 'yan'uwansa masu cinikin shanu a Kano suka sama masa wuri. Ƙaramin jirgi zai ɗauke shi daga Sakkwato zuwa Kano, daga can babba ya wuce da su gabas.

Wata safiya Malam ya zo rumfa ya zauna ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Sarkin allura, yau na kawo maka abin da ba ka taɓa ɗinkawa ba."

"Ina za ka, kuma bisa mi?"

"Makka, in Allah ya yarda. Bisa iska."

Daga nan Malam ya faɗa masa damuwarsa. Takardar da aka aiko ta ce za a auna kayan kowa, kada su wuce ƙa'ida. Ya kai akwatinsa sikelin masu sayen fata, ya cika daidai, alhali littafin bai shiga ba. Ya rage abin da zai ragu, saura harami da guzuri da magungunan gwiwa.

"Kaya sunka ce za su auna?" in ji Maigandi.

"Kaya."

"To abin da mutum ya sa a jiki ai ba kaya ba ne. Bar mini wannan."

Amma wace riga ake sawa a sama? Duk Sakkwato mutum ɗaya ya sani da ya taɓa hawa, wani tsohon soja mai suna Ɗanjuma, wanda ya dawo daga yaƙi ya koma fawa a Runjin Sambo. Maigandi ya taka har can, ya same shi yana feɗe akuya.

"Sanyi, Baba Maigandi," in ji Ɗanjuma. "Sanyin da ke neman ɓargo. Bargo biyu anka rufa mini, haƙorana suna kaɗawa."

"Cikin rana?"

"Rana tana nan kusa da kai, amma ba ta da wuta. Ni dai da rauni a jikina, kwance anka sa ni, kwance anka fid da ni, abin da na sani ke nan."

A hanyar dawowa Maigandi ya tsaya yana kallon shirwa tana shawagi bisa mahauta. Ya tuna duk tsuntsun da ya taɓa gani an fige, gashi ne a ƙarƙashin gashi, mai laushi a ɓoye bayan mai kauri. Ya ce a ransa, wanda ya halicci mai tashi ya riga ya nuna yadda ake yi masa sutura.

Kwana goma sha tara ya yi a kan rigar. Tasalla ta gurje auduga ta shiɓe ta har ta zama kamar kumfar nono. Ya shimfiɗa ta tsakanin shuɗin saƙi da farin shafi, ya bi ta da ɗinki layi-layi daga wuya har ƙasa. A ciki, daidai ƙirji, ya yi aljihu mai zurfi gwargwadon gafakar. Ranar gwaji Malam ya sa, littafin ya kwanta a kan zuciyarsa ba wanda zai ce akwai shi. Kafin a gama duba kafaɗa gumi ya jiƙa masa gemu.

"Maigandi, in na narke kafin jirgin ya tashi, kai za ka kai littafin."

"Yi haƙuri, Malam. Rigar sama ce, ba ta san ƙasa ba. Kada ka sa komai ciki sai 'yar shara."

Ranar tafiya damina tana ja da baya, rana ta dawo da ƙarfinta. Da hantsi masu rakiya suka cika gefen filin jirgi a bayan gari. Jirgin yana tsaye cikin ciyawa, bai fi babbar mota tsawo ba, Baturen da ke tuƙa shi yana inuwar fiffike yana duban agogo. Wani akawu mai suna Mode ya auna akwatuna, na Malam ya yi daidai, aka ɗaure su a cikin jirgi, aka jibga buhunan wasiƙu a kansu. Maigandi ya saki ajiyar zuciya.

Sai Mode ya share bisan sikelin da hannu ya fara kiran matafiya ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyar suka hau suka sauka. Malam ne na ƙarshe.

"Allah shi gafarta Malam, a hau."

"Ni? Rago ne ni?"

"Haka dokar take, Malam. Jirgi bai san kaya ba, bai san mutum ba, nauyi kawai ya sani."

Malam ya hau, da rawaninsa da alkyabbarsa bisa sabuwar riga. Mode ya tura ƙarfen awo, ya rubuta, ya je ya yi magana da Baturen, ya dawo yana sosa ƙeya. Jirgin ƙarami ne, in ji shi, ga zafin rana, abin da zai iya ɗagawa an ƙayyade. Laba bakwai sun yi yawa. Akwati kuwa ba ya fituwa yanzu sai an sauke wasiƙu duka, kuma matuƙin ba zai jira ba.

Malam ya cire alkyabba ya miƙa wa Maigandi. Laba huɗu suka tafi. Mode ya ga tudu a ƙirjin rigar, ya tambaya cikin ladabi. Aka fito da gafakar aka ɗora ita kaɗai: laba uku cif.

"Shi ke nan, Malam. A bar wannan gida, a shiga."

Malam ya karɓi littafin ya rungume. Bai ɗaga murya ba. "Ɗana, ni ne rakiya, shi ne matafiyin. In ya zauna, na zauna."

Tuɓe rigar ba zai yiwu ba, malami ba ya tsayawa gaban jama'a da 'yar shara, sauran tufafinsa kuma suna ƙarƙashin wasiƙu. Maigandi ya ji kunya ta rufe shi tun daga hula har tafin ƙafa. Shi ya ce abin da ke jiki ba kaya ba ne, shi kuma ya ɗura wa amininsa nauyin da zai hana shi tafiya. Ya dubi rigar, aikin kwana goma sha tara, mafi kyawun abin da hannunsa ya taɓa yi. Sannan ya zaro 'yar askarsa daga aljihu.

"Malam, mai da littafin wurinshi, ka koma bisa sikeli. Kai kuma ɗan samari, riƙa faɗa mini."

Ya durƙusa ya kama bakin rigar. Wanda ya ƙulla zare shi ya san inda ya ɓoye ƙullin. Yanka ɗaya, ja ɗaya, kalmasa ta buɗe. Ya farke layukan ɗaya bayan ɗaya, yana cusa hannu yana zaro auduga. Iska ta ɗebe ta ta watsa cikin fili, ta maƙale a ciyawa, ta sauka a rawunan masu rakiya, har wani curi ya je ya zauna a kan gashin Baturen. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Saura biyu," in ji Mode. Can kuma, "Saura ɗaya."

Maigandi ya zaro ta baya, ya zaro ta hannuwa. Rigar ta saki jiki, Malam ya rame a idon jama'a kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Ya yi," in ji Mode, shi ma yana murmushi.

'Yar kaɗan ta rage a wuya, Maigandi ya bar ta. Ya zare allura daga hularsa ya shiga kama bakin rigar da manyan ɗinki, Malam yana tsaye.

"Tsofaffi sun hana ɗinki a jiki, Maigandi."

"Tsofaffi ba su hau iska ba. Tsaya daidai kada in soke ka."

Suka yi musafaha. Jirgin ya yi ruri, ya ruga, ya rabu da ƙasa, iskarsa ta tashi sauran audugar ta bi shi kamar garken balbela. Maigandi ya tsince abin da ya samu, ya ƙunshe cikin alkyabbar ya kai gida. Tasalla ta duba ta ce, "Ita ma ta gado ka, ba ta wuce bayan gari ba." Ta kaɗe ta ta yi zare.

Wata uku Maigandi yana tunanin sanyin nan mai neman ɓargo. Da Malam ya dawo, bayan an watse daga gaisuwa, Maigandi ya matso ya yi tambayarsa ta kullum: ina ta matse, ina ta yage?

Malam ya ce littafi ya isa, ya karanta shi a Madina daga farko har ƙarshe, a zaune, cikin kwana huɗu. Rigar kuwa yadda aka farke ta haka ta fi daɗi, shafi biyu sun ishe shi. Sanyi a ƙafa kawai ya ji shi. Abin da Ɗanjuma ya manta bai faɗa ba shi ne ƙara, ƙarar da ke shiga kai kamar ana daka a cikin kunne.

"Sai na ji wani abu mai laushi a wuyana. Na ja, ga audugarka. Na toshe kunnuwa, na miƙa wa na kusa da ni, shi ma ya miƙa gaba. Kafin mu kai Kano duk jirgin rigarka muke sanye da ita."

Maigandi ya yi dariya har ya share ido.

Ya ƙara shekara ashirin a gindin durumin, matafiya sama suna ta ƙaruwa. Duk wanda ya ce masa bisa iska za shi, amsarsa ɗaya ce: riga marar nauyi mai shafi, wando mai saki, safa don ƙafa, mayafi ɗaya a kafaɗa, alkyabba ta jira a gida. A wuyan kowace riga kuma yakan ɓoye ɗan curin auduga, ya rufe da ɗinki uku masu sauƙin ja, ya kama yatsan mai rigar ya nuna masa wurin.