Hanyar Da Na Bi Da Baba Zuwa Kanti

Wata Litinin ce a tsakiyar watan Agusta, shekarar da na gama aji biyar na firamare, Baba ya ɗaga ni cak ya ɗora a bayan wata akori-kura da ta nufi kasuwar Shuwarin. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi-sanyi, kwalta sai ƙyalli take. Na samu wuri a kan buhun gero, gefena akuyoyi uku an ɗaure musu ƙafafu suna ta kuka, gabana wata tsohuwa ta rungume ƙwaryar man shanu kamar jinjiri. Baba ya kama ƙarfe ya hawo a hankali, yana tattalin ƙafarsa ta hagu wadda Inna ta ɗaure masa da farin tsumma tun da sassafe. Kwana huɗu kafin nan fartanya ta sare shi a ƙasan idon sawu. Da ya zauna ya dube ni yana murmushi, ya ce, "To Uwata, yau ke ce jagora. Ni a Dutse ban san ko'ina ba sai tasha da asibiti."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hauwa'u. Ƙauyenmu yana can gaba da Kiyawa, gida ne na ƙasa mai rumbu biyu da turken awaki da wata tsohuwar bishiyar darbejiya a tsakar gida. A nan na koyi surfe da bakace, da ɗebo ruwa a rijiyar bakin masallaci, da kai wa su Baba da Yaya Sani kunu gona da hantsi, ina tafe ina tsinkar tafasa a gefen hanya. Da yamma mu taru a dandali mu yi gaɗa da carafke har a kira magariba. Amma tun ina aji uku Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba da ke aure a Dutse, ta roƙi a ba ta ni in yi karatu a wurinta. Daga nan na zama mai gida biyu. Idan ana karatu ina birni, ina goge takalmi da safe, ina kallon talabijin a falon Gwaggo. Idan an yi hutu in dawo in ɗauki taɓarya.

A ajinmu akwai wata yarinya, Salma, wadda kullum a mota ake kawo ta. Ba ta da wulaƙanci, ita ce ma ta fara jawo ni a jiki, tana gutsuro mini biskit ɗinta a lokacin tara. Wata rana muna zaune a gindin bishiyar makaranta ana hirar iyaye, kowa na faɗar aikin babansa, sai na ji bakina ya ce Babana ɗan kasuwa ne, yana da mota, yawan tafiye-tafiye ne ya sa ba sa ganinsa. Babu wanda ya tilasta mini. Babu wanda ya yi gardama. Aka ci gaba da hira, ni kuma daga ranar na ɗauki wannan ƙarya ina yawo da ita, ina ƙara mata kwalliya duk sanda aka tambaye ni.

A shekarar aka buɗe wani katafaren kanti a Dutse, mai ƙofar gilashi da keken zuba kaya, duk yaran makaranta ba su da zance sai nasa. Gidan su Salma yana tsallaken titi, daidai saitin ƙofar shiga. Ta sha gaya mana cewa idan ana hutu ita da ƙannenta a bakin ƙofar gida suke wuni, suna kallon masu shiga da fita. A kantin ta sayi jakarta ta goyo mai aljihu uku. Da na zo hutun tsakiyar shekara na dami Baba da zancen jakar, har ya ce idan na shiga cikin ukun farko a jarrabawar ƙarshe, da ƙafarsa zai kai ni in zaɓa. Na zo ta biyu. Ya sayar da zabi huɗu a kasuwar Kiyawa, ya sa rana. Inna ta ce a bari ƙafar ta warke, ya ce alkawari ya yi wa yarinya, kuma ranar Litinin ce ake samun mota da araha saboda masu zuwa kasuwa.

Mun sauka a Shuwarin kasuwa ta fara ci. Muka ratsa ta tsakanin masu awo da 'yan kamasho da ke ta kiran Kano da Birnin Kudu, muka shiga adaidaita sahu mu shida, ni a kan cinyar Baba don kada a karɓi kuɗin mutum biyu. Ina jin ƙanshin sabulun da Inna ta wanke masa riga da shi, haɗe da ƙarnin akuyoyin da muka biyo. Duwatsun Dutse suka fara bayyana, damina ta sa ciyawa ta fito a tsakaninsu, ga bishiyoyin dabino jefi-jefi. Baba yana ta nuna mini abubuwa kamar shi ne ɗan gari. A wani shatale-tale direban ya tsaya ya ce nan hanyarsa ta rabu da tamu, mu tsallaka titi mu hau wata, za ta ajiye mu a bakin ƙofar kantin.

Baba ya sa hannu a aljihu. A daidai wannan lokacin na dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da ban taɓa yi masa ba. Na ga hularsa da ta koɗe, na ga gashin akuya a kafaɗar rigarsa, na ga takalmin roba da tsumman da ke ƙafarsa. Na hango mu muna sauka daga adaidaita a gaban gidan su Salma, tana rugowa tana kiran sunana, tana tambayar wane ne wannan.

"Baba, ba sai mun sake hawa ba," na ce. "Akwai hanya ta baya, nan kusa ne. Asarar kuɗi ce kawai."

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya mayar da kuɗin aljihu. "Ka ji 'yan boko," ya ce yana dariya. "Mu je, Uwata."

Ba kusa ba ne, kuma na san ba kusa ba ne. Sau ɗaya na taɓa bin hanyar tare da 'ya'yan Gwaggo, da rani, muka isa muna haki. Yanzu kuwa ruwan daren jiya ya kwanta a kowane lungu. Muka bi ta bayan gidaje, muka tsallake kwatoci, muka hau wani tudu mai tsakuwa, muka gangara inda ruwa ya yanke hanya dole sai an taka. Ina gaba ina sauri, Baba yana baya yana ɗingishi. Tsumman ya jiƙe ya koma ruwan ƙasa, can kuma na ga ja yana fitowa ta gefe. Sau biyu yana tsayawa a inuwa, ya dafa bango, ya ce wai yana kallon yadda mutanen birni ke gini. Wani ɗan acaɓa ya biyo lungun, ya rage gudu ya ce, "Baba, tafiya ne?" Sai Baba ya dube ni. Na ce mun kusa. Mai babur ya wuce. Na daɗe ina jin ƙarar babur ɗin yana nisa.

Mun fi rabin awa muna tafiya kafin mu ɓullo ta gefen katangar kantin. Abin da na fara yi shi ne leƙa tsallaken titi. Ƙofar gidan su Salma a rufe take, da ƙaton kwaɗo a jiki. Sai da aka koma makaranta na ji cewa Kano suka yi hutun gaba ɗaya.

A bakin ƙofar gilashi Baba ya sunkuya zai cire takalmi, saboda ya ga ƙasan yana sheƙi ga shi kuma duk taɓo. Mai gadi ya ce, "Shiga da abinka, Baba, ba komai." Sanyi ya buge mu, Baba ya ce ikon Allah, su nan damina da rani duk ɗaya ne. Ya bi ni layi-layi hannunsa a baya, bai taɓa komai ba. Na samu jakar, shuɗiya mai aljihu uku, irin ta Salma sak. Ya juya ta, ya ja zif ɗin ya ga ƙarfinsa, ya biya. Muna shirin fita ya hango yara suna shan askirim, ya tambayi kuɗinsa, ya zaro abin da za mu biya adaidaita da shi ya saya mini. "Wannan haƙƙinki ne," ya ce, "ke kika ceto shi." Na miƙa masa ya ɗanɗana, ya ce haƙoransa ba za su iya ba. Ina sha ina kallon wata mata mai shara tana goge sawun da ya bari a kan tayil, ɗigo-ɗigo, tun daga ƙofa.

Da muka fito na ce, "Baba, mu hau adaidaita a nan." Ya ce a'a, ai hanyata ta fi, yanzu ma ya gane ta, kuma abin da ya rage masa na komawa Kiyawa ne daidai. Da na faɗa masa gaskiya a nan, na tabbata da mun tsaya a bakin titi mun roƙi wani ya rage mana hanya, ko mu ƙarasa gidan Gwaggo a wanke masa ƙafar. Amma faɗar gaskiya na nufin in gaya masa cewa kunyarsa na ji. Na goya sabuwar jakata, muka sake shiga lungun.

Washegari ƙafar ta kumbura har ƙauri. Kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane mutane sosai. Maƙwabcinmu ya ɗauke shi a babur, Yaya Sani ya riƙe shi ta baya, suka kai shi asibiti a Kiyawa. Aka tsaga wurin aka wanke, aka yi ta allurai. Ma'aikacin da ya duba shi ya yi faɗa, ya ce wa ya ce a shiga ruwan kwata da ɗanyen ciwo, da an ƙara kwana biyu da zancen ya wuce na allura. Baba ya yi sama da wata guda bai taka gona ba, kuma lokacin ne ake maimai, noman da ake yi na biyu kafin gero ya rufe. Yaya Sani shekararsa goma sha biyar, ya yi iya yinsa a gonar kusa da gida. Dangi suka yi mana gayya rana ɗaya, amma kowa da tasa gonar. Ta nesa, wadda aka shuka dawa da wake, ciyawa ce ta cinye ta. A shekarar rumbu ɗaya kawai muka cika. Kafin wata damina Inna ta sayar da awakinta biyu an sayi hatsi, kuma Yaya Sani ya yi zango guda bai je makaranta ba, yana bin masu yin bulo don a samu na cefane.

Ni ce mai kai wa Baba ruwan zafi da gishiri kullum safe a sauran hutun. Ina tsugune ina riƙe da kwano, ina kallon ramin da ke ƙafarsa, masu dubiya suna shigowa suna fita. Duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin kantin, da sanyinsa, da ƙofar gilashi, sannan ya nuna ni. "Yarinyar nan ta san tattali," yake cewa. "Ita ta hana mu ɓarnar kuɗin mota." Inna ta taɓa cewa ai tattalin ne ya kwantar da shi. Ya ce kada ta ɗora wa yarinya, shi ne babba, shi ya kamata ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Na fita bayan rumbu na yi kuka, Inna ta zaci tausayinsa ne kawai, ta zo tana lallashina.

Jakar ta yi mini shekara uku. Salma ta yaba ta, ta tambaye ni ko Babana ne ya kawo ni a mota. Na ce e.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a Dutse, ina da 'ya'ya biyu. Kantuna irin wancan sun yi yawa, lungunan da muka bi an zuba wa wasunsu kwalta, kuma ko daga ina mutum yake zai iya ɗaukar shatar adaidaita ta kai shi har ƙofa. Duk sanda Baba zai zo ganin likita, mota nake aikawa ta ɗauko shi daga ƙofar gida, ya yi ta mita cewa birni ya lalata ni, na manta halina na da. Ya tsufa, ya daina noma, idan ya daɗe a tsaye ƙafar hagun tana yi masa tsami. A Sallar da ta wuce ya zaunar da jikokinsa a kan tabarma, ya sake ba su labarin ranar, ya ce su yi koyi da uwarsu, tun tana ƙarama ta san darajar abin da aka sha wahala aka samu. Babbar 'yata ta juyo tana kallona da alfahari. Na sha shirya maganar da zan yi masa, har na san da kalmar da zan fara, amma duk sanda na zauna a gabansa sai in ga yadda yake jin daɗin labarin, in rasa ko don shi nake yin shiru ko don kaina.

Har yau ban gyara masa labarin ba.