Farin Hijabi da Shuɗin Tamfal a Kebbe

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin aikina, kwamfuta a jaka, firinta a cinya. Wata Islamiyyar matan aure a Kebbe za ta yi walimar sauka bayan la'asar, ni kuma na rubuta musu manhajar intanet mai fitar da shahada. Aikinta ta ɗauki hoton ɗaliba, ta share bangon da ke bayanta ya zama wayam, ta ɗora ta a kan zayyanar da malaminsu ya zana da hannunsa, ado ya kewaye ta ko'ina.

A Dogon Daji muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan ya ƙara kuɗi ya rage jiki, amma ya yi daɗi. Daga Tambuwal muka hau babura, a nan hanya ta nuna mana halinta. Abokina ya rungume firinta kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai na ji salatinsa.

Malam ya tarbe mu da fura mai sanyi, ya miƙo wayar da aka ɗauki hotunan. Tun a waya na ce masa a tsayar da kowa jikin farin bango, don na umarci manhajar ta share duk abin da yake fari. Da hotunan abokan aikina masu riguna kala-kala na gwada ta. Ban taɓa tambayar me ake sawa ranar sauka ba. Ashe farin hijabi ne, kowa da kowa.

Shahadar farko ta fito. Hijabi ya bi bango, fuska kaɗai ke yawo a tsakiyar zayyana. Mai fuskar tana tsaye a bayana, wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, wadda ta fara karatu bayan ta yi jikoki. Ta leƙo, ta riƙe haɓa.

"Ɗana, ina kak kai min jiki? Wanga hijabi don yau anka ɗinka shi."

Na ce ko za ta yafa wani mayafin a sake ɗauka. Ta ce ita da fari za ta karɓi shahadarta, kamar yadda ta daɗe tana roƙon Allah. Azahar ta gabato, mata sun fara ɗora tukwane. In ban gyara ba, sai dai a ba ta takarda babu hoto, kuma ni na jawo.

Bango nake nema mai launin da babu shi a jikin kowa. Can na hango shuɗin tamfal a ƙofar maƙwabcin makarantar, an shanya shinkafa a kai. Kunya ta hana ni zuwa roƙo, Malam ne ya je. Mutumin bai tambayi dalili ba. Ya kwashe shinkafarsa ba ta gama bushewa ba, ya kakkaɓe tamfal, ya zo ya riƙe gefe ɗaya da kansa. Tamfal ya zama bangon ɗaukar hoto.

Na canja umarnin, shuɗi ya zama abin sharewa, fari ya tsira. Muka sake ɗaukar kowa. Ƙaiƙayi ɗaya da ya maƙale a tamfal ya fito kusa da kafaɗar Inna, ta hana ni goge shi, wai albarkar maƙwabci ce.

Da aka kira ta a taro, na zaci hoton za ta fara duba. Sai ta ɗora yatsa a kan sunanta da aka rubuta da ajami, ta bi shi baƙi bayan baƙi, ta karanta da ƙarfi. Jikokinta suka ɗau guɗa. Na sunkuyar da kai ina ta gyaran wayar da ba ta lalace ba.

Mun kwana Tambuwal, washegari da hantsi muka iso gida lafiya, baya na ciwo, zuciya fes. Na koyi cewa kafin in ce wa na'ura ta share abu, sai na je na ga mutanen da za su tsaya a gabansa. Na gode wa Malam, na gode wa mai tamfal. Inna kuwa cewa ta yi za ta sa ni a addu'a duk ranar da ta buɗe Alƙur'ani, kuma Malam ya ce kullum take buɗewa.