Ƙanzon Tukunyar Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Sale, kuma ban taɓa shan wahalar tuna shi irin ta bana ba. Tare muka yi jigilar kayan miya daga kasuwar Aziziya har ciwo ya kwantar da shi, aka binne shi a nan Riyad.

Ɗansa Nura, wanda ya bari a Kano yana ƙarami, ya samu aikin jinya a wani asibiti a nan. Ya same ni ya ce, "Baba, ka kai ni inda mahaifina yake." In kai shi ina? Kaburburan ƙasar nan ba suna, dutse ne kusa da dutse. Mun je, mun yi ta zagaye cikin rana, na kasa nuna masa. Abin ya ci mini rai.

Sai na ce mu tafi Shifa, gidan abincin Yamalawa da muke zuwa da Sale duk Juma'a. A da ƙasa ake zama, a kawo fahsa, wato dagargajajjen nama da kumfar hulba a kai, tana tafasa cikin tukunyar dutse, kowa ya sa hannu da gurasa. Sale ba ya gaggawa. Sai mun ƙoshi ya jawo tukunyar ya hau kankare ƙanzon gindinta. Tsohon mai dafawar har ƙara masa wuta yake yi, yana dariya yana cewa duk Riyad mutum ɗaya ne ke neman abin da ya kama.

Yanzu fa? Tebura, kujeru, cokula cikin leda. Wai sai ka haska waya a jikin tebur kafin a san kana jin yunwa. Tsohon ya koma ƙasarsu, na tambayi ma'aikatan ko sun san Sale, suka ce wane Sale? Da yana raye, wallahi daga bakin ƙofa zai juya, yana faɗa har mota.

Aka kawo tukunya, Nura ya tsaya ɗaukar hoto.

Na ce, "Kai, ci za ka yi ko biza za ka nema mata?"

Ya ce, "Baba, da zafi."

Na ce, "Ubanka da zafin yake sonta."

Ya ci da cokali, a hankali, kamar mai shan magani. Na cire rai. Kabari ban nuna ba, nan ma babu abin nunawa. Ina neman takalmina a ƙarƙashin tebur, don na saba cirewa, sai na ji ƙarar kankara. Na ɗago. Nura ya ajiye cokali, ya jawo tukunyar gabansa, ya naɗe gurasa yana bin gindinta.

Na ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Ya ce, "Ba kowa. Tun ina yaro Umma ke faɗan na ƙarar mata da gindin tukwane."

Na sa hannu na share hawaye. Na ce yaji ne ya shige mini ido.

Sale bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko kabarinsa ya ɓace mini. Allah Ya ji ƙansa, abin da ya bari na gan shi zaune a gabana yana lasar yatsa.

Washegari kafin in ɗauki lodin tumatir, na sayi tukunyar dutse, na kai wa Nura masaukinsa. Na ce ya riƙa barin ta a wuta ta kama sosai, ranar Juma'a ina zuwa da gurasa.