Ranar da Orval Ya Wanke Mota Mai Lamba Bakwai

Shekara talatin da huɗu Orval Sundgaard ya yi yana bakanike a garejin kamfanin wutar lantarki na manoman yankinmu, a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka. Motocin bokiti ne a hannunsa, masu ɗaga ma'aikaci zuwa kan turken wuta. Mutum ne mai tsaftar tsiya. In ka shigo masa da taɓo a takalmi, ka shiga uku. Yana da doka guda da ya ishi kowa da ita: ba a wanke motar bokiti da hunturu sai in za ta kwana biyu a gareji ta bushe. Ruwa ne ke shiga gindin libobin da ke juya bokitin, da an fita waje ya daskare, liba ta ƙi motsi.

Shi da kansa ya karya dokar. A watan Janairun da aka binne matarsa Lorraine, gida ya zame masa wurin da ba ya son komawa. Wata Lahadi bayan coci ya zo gareji, ba kowa, ya tarar da mota mai lamba bakwai ta yi fari fat da gishirin da ake barbaɗa wa hanya don narkar da ƙanƙara. Hannunsa na neman abin yi, sai ya ja tiyo ya wanke ta tas da sabulu, har cikin bokitin. Ya ce a ransa ai gobe ba inda za ta.

Washegari iska ta tsinka waya a wajen gari, Delmer Haugen ya ɗauki motar kafin Orval ya iso. Delmer abokinsa ne tun suna makaranta, sarkin surutu, wanda ba ya hawa bokiti sai da fulas ɗin kofi a hammata. Ya hau lafiya, ya gama gyara, ya taɓa liba don ya sauko, shiru. Abokin aikinsa ya gwada libobin ƙasa, su ma sun ƙame. Sanyin ranar irin wanda ke fasa bututu ne. Orval ya zo a guje da injin hura iska mai zafi, ya narkar da libobin ƙasa, ya sauko da shi. Minti hamsin Delmer ya yi a sama, kuma a asibiti aka yanke masa yatsu biyu na hannun dama.

Da manaja ya tambayi abin da ya jawo, Orval ya ce, "Ruwa ne ya shiga libobin."

"Wane ruwa? Kofin Delmer dai!" wani ya ce daga baya.

Orval ya ɗan gyaɗa kai, ya bar maganar a haka. Ba wanda ya tsaya tambayar yadda kofi zai sauko ya daskarar da libobin ƙasa, don mutanenmu in suka sami labari mai ban dariya ba sa son a ɓata musu shi. Aka rubuta wa Delmer takardar gargaɗi, aka mayar da shi duba mita. Sunansa ya koma Fulas, har a coci.

Kunya ta bi Orval shekara goma sha ɗaya. Shi ke kwashe wa Delmer dusar ƙanƙara a ƙofar gida, shi ke gyara masa mota, kuma ko sau ɗaya bai iya kallon hannun nan ba. Ya yanka roba ya ɗinka wa kowace liba riga, garejin wasu garuruwa suka zo suna kwaikwayo. Duk yabon da aka yi masa, kunya yake ƙara masa.

Ranar da zai ajiye aiki aka yi masa walima a zauren coci, da dankali da nama da lefse, burodinmu na dankali mai faɗi. Delmer ya miƙe ya ɗaga guntun hannunsa.

"Ba don wannan tsohon mai faɗan tsiya ba, da har yanzu ina can sama ina shan iska. Yatsu takwas ya bar mini, na gode!"

Aka fashe da dariya, aka yi tafi. Orval ya ajiye cokalinsa. Da Delmer ya fita zai tafi, ya bi shi har inda aka ajiye motoci.

"Delmer, tsaya. Ba kofinka ba ne. Ni na wanke motar nan ran Lahadi."

Delmer ya dube shi, ya ja hanci. "Haba mutumina, yau ka tuna? Minti hamsin ina kankare ƙanƙarar nan da sukudireba, tana ta ƙamshin sabulunka mai lemun tsami. Ran nan ko fulas ɗin ban ɗauka ba, a kan teburin kicin na manta shi."

Orval ya ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"Sati biyu da binne Lorraine? In faɗa su kore ka, ka je ka zauna kai da bango? Na ce in ka dawo hayyacinka za ka faɗa da bakinka. Gaskiya ban zaci zai kai shekara goma sha ɗaya ba."

Iska na kaɗa rigar sanyin Delmer, wadda ke buɗe tun daga wuya. Delmer ya gwada kama zif ɗin sau biyu, yana suɓuce masa.

"Kai, daina tsayuwa kamar turke. Ja mini zif ɗin nan, hannun ba ya kamawa in ana sanyi."

Orval ya sunkuya ya kama zif ɗin, ya ja masa shi har wuya.